Kai Ɗan Wane Ne? Biɗar Asali a Ƙasar Gobir



In kun koma gida babban hutu ku gwada wani abu. Ku tare samari a kasuwar Cadakori ko a tashar Gidan Rumji, ku tambaye su asalinsu. Galibinsu za su ce muku Gobirawa ne, wasu su ƙara da cewa daga Gabas kakanninsu sunka fito, daga Misira ma. Wanda ya fito wajajen Agye ko Gazawa zai ce shi Bakatsine ne, jinin waɗanda sunka ƙi bin Fulani. To, sai ku ce kowa shi lissafo ubanninsa ɗaya bayan ɗaya. Uba, kaka, kakan uba. Nan mota ke mutuwa. Wanda ya kai na biyar gwani ne. In kuwa kunka juya wajen uwaye mata, da wuya a wuce kaka.

Ke nan mun san Misira, mun san kakan babanmu, amma tsakaninsu akwai daji mai faɗi. Cikin dajin nan na ɗan shiga da kaye da bik, na tambayi tsofaffin gidanmu, na duba abin da masana sunka rubuta. Abin da na samo wani ya sa ni alfahari, wani ya hana ni barci. Shi ne nike so mu duba tare, don na tabbata gidajenku ba su rasa irinsa.

Tarihin da kowa ya haddace

Labarin da maroƙa ke bayarwa a ƙofar fada ya ce Gobirawa daga Gabas sunka taso, sunka zauna Azbin, Buzaye sunka matsa musu, sunka gangaro kudu har Birnin Lalle, wajen Dakoro ta yanzu. Wajajen tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara ya kafa Alƙalawa. Bayansa anka yi Bawa Jan Gwarzo, wanda har yau ake yi wa kowane Bagobiri kirari da sunansa. Sai Yakubu, sai Nafata, sai Yunfa. A zamanin Yunfa, cikin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, anka gwabza a Tabkin Kwatto, kuma a 1808 Alƙalawa ta faɗi, anka kashe Yunfa.

Katsina ma ta faɗi wajajen 1807. Gidan sarautarta ya yi arewa, ya ɗan fake Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajajen 1819. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye sunka haɗa kai sunka tari Muhammadu Bello a Gawakuke. An ci su mummunan ci. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk can sunka kwanta. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi, a bakin gulbi. Daga garuruwan nan biyu anka ci gaba da yaƙi da daular Sakkwato har ƙarshen ƙarni. Ɗan Baskore, wanda lisenmu na Maraɗi ke ɗauke da sunansa, ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875 bisa lissafin M. G. Smith, kuma shekarunsa kusan duka a kan doki ya yi su. Rikicin gida ya sa Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni, kamar yadda daga baya Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa.

Wanga tarihi namu ne, ba mai ƙwace muna shi. Amma ku lura da kyau: jerin sarakuna ne. Babu sunan wanda ya yi wa dokin Mayaƙi ciyawa, babu na matar da ta daka furar mayaƙa. Talaka in an tambaye shi asalinsa, na sarkinsa yake arowa ya yafa.

Har zancen Misira ma akwai abin lura cikinsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da sunka ambaci cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar sunka fito shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, wato mutumin da ya ci mu a Gawakuke. Kuma ya kawo zancen ne haɗe da batun cewa Gobirawa ƴaƴa ne. A wancan zamani tambayar asali ba hirar dandali ba ce. Amsarta na iya raba wanda za a bari da wanda za a sa wa igiya a wuya.

Mu da Shehu

Ga ƙulli na farko. Dukanmu da muke rubutu a ɗan littafin nan mun tashi muna jin sunan Shehu da girmamawa. Malaman zaure suna karantar da littattafansa, tsofaffi mata suna rantsuwa da darajarsa. Kuma dukanmu jikokin waɗanda sunka yi shekara kusan ɗari suna yaƙi da tutarsa ne. Wanda ya taɓa karanta littafin tarihi da anka buga a Nijeriya ya san yadda ake ji in an kai shafin da ake kiran kakanninka Haɓe, azzalumai, masu garwaya addini da tsafi. Ka rasa wa za ka goya wa baya, malaminka ko kakanka.

In an tona, layin bai miƙe haka ba. Shi kansa Shehu a Maratta anka haife shi a 1754, cikin ƙasar Gobir, a yankin da ke Nijar yau. Bawa Jan Gwarzo ya karɓe shi a Magami wajajen 1788, ya amince masa ya yi wa'azi, ya saki fursunoni, ya sassauta haraji. Cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa da yawa. Malam Abdussalami, wanda kama mutanensa a Gimbana na cikin abin da ya hura wutar, ba Bafillace ba ne, kuma daga baya shi ma ya yi wa Bello tawaye har anka kashe shi a 1818. Shehun Barno Al-Kanemi ya yi ta musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi don kawai suna da zunubi. Wato tun a lokacin malamai sun yi gardamar da muke yi yau a bakin lakkwal.

Sannan abin da Shehu ya lissafa a Kitabul Farƙi, irin su jangali, gaisuwar dole ga masu sarauta, ƙwace kayan mutane a kasuwa da tilasta wa talaka zuwa yaƙi, a kan wa yake faɗawa? A kan kakana da kakanka. Talakan Gobir yana da dalilin jin daɗin wa'azin Shehu, yana kuma da dalilin gudu ranar da dawakin jama'a sunka ƙone rumbunsa. Ni dai matsayina ke nan: ina iya karanta Shehu in ƙaru, in kuma tsaya a Tsibiri in ji tsikar jikina ta tashi in an buga tambari. Ba dole sai na zagi ɗaya kafin in riƙe ɗayan ba.

Anna a tsakar gida

Ƙulli na biyu ya fi kusa da jiki. A gidanmu abin da ake faɗi shi ne tun fil azal Musulmi muke. Baffana ma in an matsa masa sai ya ce wani kakanmu malami ne da ya zo da allonsa daga Alƙalawa. Amma akwai abubuwan da ba su shiga cikin wanga labari ba. Akwai tsamiyar da ke gabas da tsohuwar gonarmu, wadda ba a sara, ba a ɗibar itacenta ko da guguwa ta karya reshe. Akwai naman wata dabba da tsofaffin gidan ba su ci, ko da halal ne. Akwai kirarin da makaɗan gayya ke yi wa samarinmu, wanda babu allo ko tawada cikinsa, sai hauya da dame.

Kakata ta wajen uba, Allah shi ƙara mata lafiya, ita ta warware mini. Da fari cewa ta yi: "Kai maigidana, mi kaka biɗa cikin tsohon rumbu? Ɓera ka samu." Sai da na kwana uku ina kai mata goro kafin ta ce surukinta, wato kakan babana, Anne ne, kuma Sarkin Noma. Ya yi dubu. Bai fara salla ba sai da furfura ta cika masa kai, kuma ko bayan nan bai bar yanka wa tsamiya jan zakara ba in damina ta kusa.

Wanda bai san dubu ba, ga ta: manomi ne zai noma dame dubu na hatsi a damina guda, sannan ya tara jama'a ya yi biki, ya ciyar, ya rarraba, har a naɗa shi Sarkin Noma. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya yi bayanin wanga al'ada da tsarin Anna gaba ɗaya cikin littafinsa na 1975. Ya nuna kowane dangi da gadonsa: masu noma, mahalba, maƙera, masu ruwa, kowane da abin da yake yi wa yanka, da abin da ya haramta wa kansa. Su ke buɗin daji kafin a shiga farauta. Sarakunan da sunka zo daga Katsina da Alƙalawa sun tarar da su a wurin, sunka kuma zauna da su bisa yarjejeniya: sarki na da gari da doki, Anna na da ƙasa da daji. A fada kuma Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi su ke riƙe da ƴan bori.

Yau kalmar "arne" zagi ce. Tun da wa'azi ya ƙara ƙarfi, musamman bayan Izala da anka kafa a Jos a 1978 ta shigo Maraɗi, gidaje da yawa sun share wanga babi sarai. Na fahimci dalili. Ni ma ba zan yanka wa itace zakara ba, kuma ba na fatan ɗana shi yi. Sai dai mutumin nan da ake jin kunyar ambatonsa shi ya sare dajin da muke ci har yau, shi ya san wace ƙasa ke son gero wace ke son dawa, kuma a shekarar da ya fi kowa samu, rabarwa ya yi. In na ce ban san shi ba don in gyara sunan gidanmu, na yi ƙarya, ƙarya kuwa addinin da nike taƙama da shi ya hana ta.

"An zo da ita daga kudu"

Ƙulli na ukku shi ne mai zafin. Yaƙin da Maraɗi da Tsibiri sunka yi da daular Sakkwato ba na kare kai kaɗai ba ne. Hari ne ake kaiwa ƙauyukan Katsina da Zamfara, a koro shanu, a kamo mutane. Su ma can haka suke yi muna. Wanda anka kamo, ko a sayar da shi ga fatake da Buzaye, ko a kai shi gandu, in mace ce kuma mai ƙuruciya a sa ta ɗaka. Da wanga ciniki ake sayen dawaki, da dawaki ake komawa hari. Duk kirarin jarumtar da muke jin daɗinsa, in ka ɗaga shi, za ka ga wani ƙauye da anka watse da asuba.

Ranar da na tambayi kakata sunan uwar Sarkin Noma, shiru ta yi. Can ta ce: "Wagga ba ta da dangi nan. An zo da ita daga kudu." Na ce wa ya zo da ita? Ta ce: "Wa zai zo da ita in ba mai gidan ba? Ya bi yaƙi, aka ba shi rabonsa." Ta ce matar har ta mutu tsagar fuskarta daban take da ta gidan, kuma in tana daka ita kaɗai takan yi wata waƙa da ba wanda ya san ta a garin. Sunan da ake kiranta da shi ma ba nata na yanka ba ne, a nan anka laƙaba mata.

Sai da na nemi izinin kakata kafin in rubuta wannan, kuma da gangan na ɓoye sunan ƙauyenmu. Amma ku duba lissafin. Wanda ya kai harin kakana ne. Wadda anka kamo kakata ce. Gidanmu ya riƙe sunan na farko yana kirari da shi, ya bar ta biyu ta ɓace. Wani wuri a kudancin Katsina ko Zamfara akwai gidan da ya yi kukan ɗiyarsa da ba ta dawo daga rijiya ba, ƴan uwana ne na jini, kuma ba mu da hanyar gane juna.

Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma ranar 12 ga Disamba 1905. Maza bayi da yawa sun tashi sun kafa nasu ƙauyuka ko sun koma gida. Mata kuwa ƴaƴa sun ɗaure su. Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi na 1997, ta nuna yadda bayan hana bauta iyayen giji sunka riƙe mata bayi ta hanyar aure da sa-ɗaka, har aikin da baiwa ke yi ya koma kan matan aure. Shi ya sa in ka bi layin uwaye mata a gidaje da yawa, tsakanin kaka ta ukku da ta huɗu sai ka ci karo da bango.

Kada wani shi ce wannan tsohon zance ne. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokar hukunci, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da anka kafa a 1991. A 1996 anka sayar da Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan jika 240, a yankin Ƙonni. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umurci a biya ta sefa miliyan 10. Ƙonni ba nisa gare ta ba. Kuma a nan garuruwanmu, wa bai san yadda ake yi in saurayi ya kai kuɗin neman aure ba? A tura tsoho shi yi "bincike". Wani lokaci halin yaro ake bincike, wannan daidai ne. Wani lokaci kuwa sai a dawo a ce kakan kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci, a mai da kaya ba tare da an faɗi dalili ba. Mai digiri daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma bai tsira ba. Abin dariyar da ba dariya ba shi ne, gidan da ya mai da kayan, in an tona nasa layin mata, da wuya a rasa wadda anka zo da ita daga kudu.

Nasara, iyaka da takarda

Abin da ya ƙara yanke muna igiya shi ne zuwan Nasara. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, daga Lugu wajen Sarauniya Mangu, zuwa Birnin Ƙonni, har gabashin Maraɗi. A Ɗankori sunka harbe Kanar Klobb da anka turo shi tsai da su, ranar 14 ga Yuli, bayan ƴan kwanaki kuma sojojinsu sunka kashe su wajen Maijirgi. Mutane sun watse, wasu ba su koma kufansu ba. Daga 1906 zuwa 1908 Faransa da Ingila sunka dasa alamun iyaka, Tsibiri ta faɗo Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya. Gida ɗaya, wa na koyon Faransanci, ƙane na koyon Ingilishi. Cikin tawagar Tilho da ta yi aikin iyakar akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakunan Gobir da Katsina. Yawancin abin da muke karantawa yau daga nan ya samo tushe, kuma shi ma fada ya tambaya, bai tambayi gona ba.

Da hari ya ƙare, mutane sunka daina tsoron nisa da ganuwa. Sunka fito daga kwarin gulbi sunka bazu cikin tudu, kowa ya sari daji, ya gina rijiya, gari ya ɗauki sunansa. Ku dubi taswirar yankinmu: Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, Zangon wane, Rugar wane. Wasu gona sunka biɗa, musamman da gyaɗa ta yi kuɗi. Wasu lanho da aikin tilas sunka guje wa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Wasu kuma iyayen gijinsu sunka guje wa, su je inda ba a san su ba su sake asali. A sabon gari duk wanda wanzami ya yi wa ɗansa shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ya zama Bagobiri, jikansa kuma zai ce daga Misira yake. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Dabara ce ta tsira, kuma ta yi aiki.

Takardar gwamnati ba ta cike giɓin ba. Ku duba jijiman iyayenku: "an haife shi wajajen shekara kaza". Rabin ajinmu ranar 1 ga Janairu anka haife su a takarda. Sunan uba ya zama sunan dangi, na kaka ya faɗi, na uwa kuwa sau da yawa yadda kunnen ma'aikaci ya ji haka ya rubuta.

Yadda za a biɗa

Duk da haka ana samu, in an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ga abin da ya yi mini amfani.

Ku fara da tsofaffi mata. Namiji zai ba ka labarin da gida ke so a ji a waje. Mace an kawo ta daga wani gida, ta zauna da uwar miji shekara da shekaru a bakin murhu, ta ji abin da ba a faɗi a zaure. Jika kuma na da lasisin wasa da kaka, ku yi amfani da shi. Kada ku je da salula a hannu kamar ɗan jarida. Ku zauna, ku taya ta ɓarar gyaɗa, in hira ta yi daɗi ku nemi izinin ɗauka.

Kada ku tambayi shekara, ku tambayi abin da ya faru. Tsofaffi da yunwa da annoba suke lissafi. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914. Akwai shekarar fara ta 1931. Ambaliyar da ta cinye tsohuwar Maraɗi har anka mai da gari kan tudu 1945 ce. Sai ƴancin kai a 1960, hawan Kunce a 1974, da El Buhari a 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya. In tsohuwa ta ce an yi mata aure damina biyu bayan ruwa ya ci Maraɗi, kun samu 1947.

Ku bi sunaye. Nomau an haife shi lokacin noma, Anaruwa ana ruwa, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza. Bawa da Ajuji sau da yawa suna nuna uwar ta sha binne ƴaƴa kafin su. Amma ku yi hattara, sunan Bawa ba ya nufin mutum bawa ne, in ba haka ba da Jan Gwarzo ma ya shiga.

Ku je wajen wanzamin gidanku, don wanzanci gado ne, kuma sun san tsagar kowane gida da ranar da ta canza. Ku saurari kirarin da makaɗa ke yi muku a biki, ku rubuta shi kalma da kalma, a nan sana'ar kakanni ke ɓoye. Ku tambayi wa ya gina tsohuwar rijiyar gari, wa ke da gonar da ta fi kusa da ita, don wanda ya riga zuwa shi ke kusa da ruwa. Ku duba bangon tsofaffin littattafan limamin gari, wasu malamai na rubuta haihuwa da mutuwa a gefe da ajami. Ku lura da waɗanda gidanku ke wasan taubasantaka da su. Bagobiri da Bazabarme ko Bayarabe ba su haɗuwa ba a yi tsiya ba, kuma wanga wasa, da UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, shi ma shaida ne na wa ya taɓa zama da wa. Wanda Allah ya kai shi Yamai, shi leƙa gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, da IRSH, da CELHTO inda ake adana tarihin baka.

Kuma duk abin da mutum ɗaya ya faɗa muku, ku nemi na biyu daga wani gida. Inda bakinsu ya haɗu ku riƙe. Inda ya saɓa ku rubuta duka biyun, saɓanin ma labari ne.

Abin da za a yi da abin da anka samo

Saura tambaya mai nauyi: in ka samo, sai ka yi yaya da shi? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Asirin gidanku naku ne, kuna iya buɗe shi in masu shi sun yarda. Na gidan maƙwabci ba naku ba ne. In bincikenku ya kai ku ga sanin cewa kakan wane bawan kakanku ne, wanga sani amana ce. Ranar da kunka jefe shi da shi a cikin faɗa, ko kunka raɗa wa mai neman auren ƙanwarsa, kun koma cikin masu kai hari, da alƙalami maimakon mashi. Wanda ya san ba zai iya riƙe bakinsa ba, gara shi bar binciken.

Game da namu na cikin gida kuwa, ni ga inda na tsaya. Ban yi yaƙin Gawakuke ba, don haka jarumtar ba tawa ba ce da zan yi wa wani gori da ita. Ban kamo kowa ba, ba a kuma kamo ni ba, don haka ba ni da abin sunkuyar da kai. Abin da ke wuyana shi ne wanda ya faru ina raye: ko na rubuta sunayen nan kafin masu riƙe da su su tafi, da kuma abin da zan ce ranar da za a zauna zancen auren ƙanwata ko ɗiyata wani ya kawo maganar asali. A nan ne za a gane ko karatun ya yi amfani.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, kowa shi sayi kaye guda a hutun nan, shi raba shafi biyu, dama na maza, hagu na mata, shi cika iyakar abin da ya samu. Inda suna ya ɓace kada a tsallake, a ja layi a rubuta abin da anka sani, ko da "an zo da ita daga kudu" ne kawai, don ita ma ta samu wurinta a takarda. In mun dawo mu haɗa, mu cire abin da zai tozarta mai rai, sauran mu buga shi a fitowa ta gaba. Tsofaffin da sunka ga ruwan 1945 da idonsu sun haura shekara tamanin yanzu, kuma kowace damina ana rage su.

Allah shi jiƙan magabatanmu, waɗanda munka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Wassalam.